Kunyar Taura a Ƙasar Masara

Tun kafin ruwan farko ya sauka a 2015 aka kira taron dangi a zauren gidanmu na Taura, kuma magana ɗaya ce ta tara su: a bar ni in tafi Amurka ko a hana ni. Ina aji biyar na sakandare, na ci jarrabawar wani shiri da ake kira YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumbar 2001, bisa shawarar sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. Manufarsu ita ce a ɗebo yara 'yan sakandare daga ƙasashen da Musulmi ke da yawa, a rarraba su gidajen Amurkawa na shekarar karatu guda, a san juna a kan akushi. Gwamnatinsu ce ke biyan kuɗin jirgi, har da ɗan na kashewa duk wata. Masu masauki kuwa ba a ba su ko sisi.

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya wa Kawu a wuya.

"Mutum ya ciyar da ɗan wani shekara guda kyauta, kuma Bature? Yaya, akwai lauje cikin naɗi."

Baba ya yi shiru har shayinsa ya huce, sannan ya ce, "Yara nawa aka ɗauka daga gidan nan aka kai gabas karatu? Wa ya biya matan da suka riƙa zuba musu tuwo? Almajiranci ne, sai dai na jirgin sama. A bar shi ya je."

Da takarda ta zo cewa jihar Ayowa aka tura ni, ɗan Kawu ya duba wayarsa ya karanto wa jama'a cewa mutanen jihar miliyan uku ne da 'yan kai, aladunta kuwa sun haura miliyan ashirin. Zaure ya ɗauki salati. Daga ranar duk wanda ya tare ni a hanya da nasa gargaɗin: naman alade, giya, sanyi, 'yan mata masu gajeren wando. Har mai facin tashar mota ya ba ni nasa. Cikin duk masu wa'azin nan babu wanda ya hango inda wahalar take.

Kakata Iya ita ta karɓi aikin guzuri. Ta sa aka kai ta kasuwar Gujungu, ta dawo da kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa ƙulli-ƙulli da yaji. Aka aiko da kilishi daga Kano, Gwaggo ta ƙara da dabinon Dutse, Baba ya ɗora sabuwar butar roba mai ratsin kore. An ce kada jaka ta wuce kilo 23, saboda haka muka kai ta sikelin masu sayen riɗi, ta yi nauyi. Na kai hannu kan daddawa, Iya ta buge shi.

"Maigida, cire takalman nan. A can ma ana sayar da takalmi. Ka taɓa jin Bature ya dafa kalwa?"

Inna ba ta sa komai a jaka ba. A daren da zan tafi, cikin Agusta gero ya fara fitar da kai, ta kira ni ɗakinta ta ce, "Abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka zubar mana da mutunci a gidan mutane. Kada a ce ɗana makwaɗaici ne. In an yi maka tayi, ka kama kanka."

Na kama kaina tun daga sararin samaniya. Mun tashi daga Abuja da dare, wata ma'aikaciyar jirgi ta turo kekenta na abinci tana murmushi, ta tambaye ni kaza ko taliya. Na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi, ina jiran ta ce haba dai, ɗan taɓa. Ta ce to, ta wuce. Na bi keken da ido har ya shige bayan labule. Na ce a raina wannan dai ba ta sami tarbiyya ba, amma ba za a yi wa nahiya guda hukunci da halin mace ɗaya ba.

Muka sauka Frankfurt, muka sake hawa wani zuwa Washington. A wajen ɗaukar kaya ne wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da rigar aiki, ya ratsa jakunkunan mutanen duniya kaf, ya zo gaban tawa ya zauna. Irin karnukan nan aikinsu ke nan, shinshino nama da 'ya'yan itatuwa, domin dokar ƙasar ba ta yarda matafiyi ya shigo da nama daga irin ƙasashenmu ba, ko ɗanye ko busasshe, saboda tsoron cutar dabbobi. Jami'in ya sa safar hannu ya zazzage guzurin Iya a kan tebur. Kilishi ya tafi kwandon shara ina ji ina gani. Kuka ya murza ta da yatsa, ya dube ni, ya sake dubanta. Na yi masa bayanin bishiyar da hannuwa biyu har ya gamsu cewa ganye ne na miya. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa, ya ja da baya taku biyu, ya ɗaure da sauri ya miƙo mini abata. Ko tambaya bai yi ba.

Bayan 'yan kwanakin bita a Washington aka raba mu. A filin jirgin Des Moines na hango su riƙe da kwali mai sunana: dattijo dogo mai jar fuska, matarsa, da 'yarsu ƙarama da ba ta wuce shekara bakwai ba. Na cire hula daga aljihu na sa, na isa gaban dattijon na durƙusa har ƙasa, idona a kan takalminsa. Sai na ga gwiwoyinsa sun sauko. Shi ma ya durƙusa, yana dube-duben ƙasa yana tambayata me ya faɗi. Ni ba zan miƙe babba na tsugune ba, shi kuma ba zai miƙe ba sai an ga abin da ya ɓata. Matar ta tsuguno ta taya mu nema. Mutane suna ta kewaye mu da jakunkunansu.

A mota suka faɗa mini sunayensu, suka ce haka zan riƙa kiransu, gatsal. Na gwada a zuci, harshena ya ƙi. Na ce musu a garinmu wanda ya kira sa'an ubansa da suna sai an tara masa unguwa, don haka su yi haƙuri da Baba da Inna. Suka yi murna har Inna ta share hawaye. Hagu da dama masara ce, tsayinta ya fi mutum, har inda ido ya ƙare. Babu jihar da ta kai Ayowa noman masara a duk Amurka, kuma yawancinta ba bakin mutum take shiga ba, ta dabbobi ce da man mota.

Da magariba, wadda a can ba ta yi sai wajen ƙarfe takwas a wannan watan, aka jera abinci a tebur: gasasshiyar kaza, dankali, masara dafaffiya da man shanu yana narkewa a kanta. Inna ta ce ta karanta takardun shirin tsaf, babu alade a gidan nan har in tafi. Sannan ta tambaye ni, "Za ka ci?"

Na ce na ƙoshi.

"Ayya, gajiyar hanya ce," in ji ta. Ta ɗauke farantina.

A nan nake so mai karatu ya yi mini adalci. A Taura ba a tambayar baƙo ko zai ci. Tambayar ma rowa ce. Kwano ake dire masa a rufe, a ajiye ruwa, mai gida ya ƙirƙiri uzuri ya fita don baƙo ya sake. In kuwa ya tarar ana ci aka ce bismilla, zai ce alhamdu lillahi, a sake, ya ce yanzu ya tashi daga kan nasa, a rantse masa, sannan ya wanke hannu yana cewa don dai kun matsa. Kowa ya san matsayinsa a wannan wasa, kuma babu mai kwana da yunwa. Mutanen Ayowa ba marowata ba ne, na shaida. Aibinsu ɗaya: duk abin da ka faɗa yarda suke yi.

Kafin mu kwanta Inna ta buɗe mini firij, mai ƙofa biyu, cike har baki, ta ce nan gidanku ne, duk abin da kake so ka ɗauka. Wato ni, ɗan Inna ta Taura, in tashi cikin dare in buɗe tukunyar matar mutane. Na yi godiya na haye sama, na zauna a bakin gado ina cin dabinon Gwaggo ɗaya-ɗaya, ina tura ƙwallayen cikin safa.

Haka aka ɗauki kwanaki. Da safe in an ajiye abu a gabana ba tambaya, in cinye har in sharce kwano. Da an ce a ƙaro, in ce na ƙoshi, a ɗauke. Inna ta shiga damuwa. Ta daina dafa kaza, ta yi tafiya mai nisa ta samo naman halal. Na ce na ƙoshi. Ta koma ganyaye zalla. Ta duba kalanda ta ga azumi ya wuce tun Yuli, sai ta tambaye ni ko akwai wani na musamman da 'yan Najeriya ke yi. Suka kai ni babban bikin baje kolin jihar, inda tun 1911 ake sassaƙa saniya sukutum da man shanu a ajiye ta bayan gilashi mutane na layin kallo. Kowa na ɗaukar hoto, ni ina lissafin kwanon shinkafa nawa ƙafarta ɗaya za ta wadatar.

Ga kuma rigimar buta. Na ajiye ta a banɗaki, inda Allah ya yi ta zauna. Washegari na tarar da ita an wanke ta tas, an ɗora ta a kantar kicin tsakanin kofunan shayi, Inna tana ce mini ta gode da wannan kyakkyawar tsaraba. Ta yaya zan buɗe baki in yi wa sa'ar uwata bayanin aikin buta? Da dare in sato ta in mayar, da safe in gan ta a kicin. Karen gidan kuma, wani ƙato mai gashi da ke da kujerarsa a falo, ya ɗauke ni aboki. Da na idar da alwala sai ya zo ya lashe mini hannu. Na san a mazhabarmu ta Malikiyya yawun kare mai rai ba najasa ba ne, malaminmu ya karantar da mu, amma zuciyar Bahaushe ba ta karanta wannan babin ba.

Alƙibla ma sai da muka yi. Na shimfiɗa darduma na fuskanci inda rana ke fitowa, Baba ya leƙo da waya a hannu ya ce in karkata hagu, arewa maso gabas, wai duniya ƙwallo ce kuma hanya mafi kusa zuwa Makka ta can sama take bi. Ya ƙara da cewa a jiharsu, a Cedar Rapids, akwai masallacin da Larabawan Sham suka gina tun 1934, don haka ba yau suka fara ganin masu salla ba. Kirista yana gyara wa jikan liman alƙibla! Na karkata, saboda babba ne.

Ƙaramar yarinyar ce ta tona asiri. Ta shigo ɗakina ba sallama ta same ni ina lasar yaji a tafin hannu, dabino ya ƙare. Ta sauka da gudu tana kiran uwarta. Aka kirawo jami'ar shirin ta yankin, wata tsohuwa da yaran Sakkwato da Kaduna suka sha wucewa ta hannunta. Ta dubi wuyana, ta dubi wandona da ya fara zamewa, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce musu, "Kada ku tambaye shi. In kuma kun tambaya, ku yi sau uku, na ukun da faɗa." Kafin ta tafi ta shiga kicin, ta ɗauko buta, ta ja Inna gefe ta raɗa mata magana. Fuskar Inna ta yi ja har kunnuwa. Ba mu sake tayar da zancen ba, ni da ita, har na bar ƙasar.

Baba manomi ne, mutum mai bin ƙa'ida. Daga ranar, in an zauna tebur sai ya ɗaga yatsa ɗaya: za ka ci? Na ƙoshi. Yatsa biyu: za ka ci? Alhamdu lillahi. Sai ya ɗaga na uku, ya haɗe gira, ya buga tebur, ni kuma in jawo faranti ina cewa don dai kun matsa. Cikin wata guda wando ya koma mazauninsa.

Babbar Salla ta faɗo ranar 24 ga Satumba, na ce yau ni zan ciyar da gida. Inna ta samo naman rago, na tuƙa tuwo da garin masararsu, na kaɗa kuka, na marmasa daddawar Iya har ƙulli biyu don kada a ce na yi rowa. Tun miya ba ta tafasa ba kare ya sauka daga kujerarsa ya nemi a buɗe masa ƙofa. Inna ta bubbuɗe tagogi, wai don iska mai daɗi. Na koya musu wanke hannu da yanko loma. Baba ya tsoma, ya ɗaga, miya ta biyo shi tana zare har gwiwar hannu. Ya rufe ido ya haɗiye, ya kurɓi ruwa rabin kofi, ya goge gumi.

"Ɗana, abincin ya yi daɗi ƙwarai," in ji shi. "Amma na ƙoshi."

Na ɗaga masa yatsa ɗaya, na jawo tukunya.