Zuwa ga Bawana na Filinge, Mai Neman Saudatu

Ɗan Gwaggo, bawan gidanmu, ina gaisuwa, ko da yake kai ya kamata ka fara durƙusawa. Labarinka ya riga motar Filinge isowa Yamai. Wai ka hau bencin mai shayi kana yanke hukunci a kan littafin da na aika wa matarka. Matarka fa na ce, ban ce kai ba. Na san karatun Hausarka: lakwal ta ba ka rabin Faransanci, ta bar ka kana tuntuɓe da ƙ da ɗ. An shaida mini ƙanwarka ce ta riƙa karantawa bayan isha'i, mata na zaune a tsakar gida, kai kuma kana bayan zana wai gyaran rediyo kake yi. Rediyon da ko batir babu a cikinsa.

Tunda da kunne ka karanta, bari in tuna maka abin da ke ciki. Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, ya fito a 1990, ɗan siriri ne, ba ya cinye dare uku. Alhaji Abdu ɗan kasuwa yana da Rabi da 'ya'ya tara, kuɗin cefane sai an yi da gaske. Ya auro Delu wadda ta yi zaman kanta, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Rabi ta ɗaura ɗamara ta kama sayar da abinci, 'yarta Saudatu mai ladabi ta auri Alhaji Abubakar mai abin hannu. Gobara ta lashe rumfar Alhaji Abdu, Delu ta nuna masa ainihin halinta, sai aka taru aka matsa wa Rabi ta karɓe shi.

Duk wannan hayaniya, kai Saudatu kaɗai ka gani. An ce har tafi ka yi: ga ɗiya, ba ta ɗaga ido, ba ta musu, Allah ya saka mata da Alhaji! Ka ce da kowane uba a Kurfai zai samu irinta da an huta. Waye zai huta, Malam Bawa?

Sauran masu sauraro ba su bi ka ba. Gwaggo ta goyi bayan komen Rabi, ta ce ina za a kai uban 'ya'ya tara, amma sai da ta ja tsaki kafin ta faɗa, ta kuma tashi ta shige ɗaki ba sallama. Wanda ya san tarihin Gwaggo ya san tsakin ya fi maganar nauyi. Mai shayinku ya ɗora komai a kan Delu, kamar ita ta kai kuɗin auren kanta. Tsohon mushenku, wanda ba ya barin zance ya wuce bai sa Faransanci ba, ya ce Ramatoulaye ta littafin Mariama Bâ na 1979 ta fi Rabi, don ita ta dubi ɗan'uwan mijinta Tamsir ta ce ba ta aurensa. Ƙanwarka 'yar kwaleji kuwa da Saudatu ta ji haushi. Ta ce kowa ya yaba halinta, amma wa ya zaunar da ita ya tambaye ta abin da take so?

Matarka ce ta ƙure ku duka. Ta yi shiru har aka naɗe tabarma, sannan ta ce da ita ce Rabi za ta karɓe shi, ta shimfiɗa masa, ta zuba masa tuwo, ta karɓi kuɗinta kamar yadda take karɓa a hannun kowane mai saye. An ce daga bayan zana aka ji sukurdireba ta faɗi.

Ni da ƙanwarka nake. Gidan da uba ke ruri, tukunya kuma ba ta cika, yarinya takan koyi karanta fuska kafin ta koyi karanta allo. Tana jin takun uban daga zaure ta san ko yau za a yi dariya ko kowa ya kama kansa. Ta saba kashe wuta tun kafin ta kama, har ta manta tana da nata bakin. Mutane su ga haka su ce tarbiyya ce, kuma akwai tarbiyyar, ban musa ba, amma akwai tsoro a cikinta da ba a lissafawa. Kar kuma ka ɗauka marubuciyar talla take yi maka. Ita kanta an cire ta daga makaranta an aurar da ita tana wajen shekara 13, kuma a shekarar 1990 ɗin ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, inda Abu ta gudu daga auren dole ta koma karatu. Wannan ban aiko ba, don kar hawan jininka ya tashi. Alhaki ɗin ma tun 2012 Aliyu Kamal ya mayar da shi Turanci, kamfanin Blaft na Chennai ya buga. Indiyawan da kake sharar hawaye a kan finafinansu, ga su suna karanta rikicin gidan Alhaji Abdu.

Abin da ya fi ba ni dariya, ɗan Kurfai ne ke neman mace marar musu. Ka manta da Shibo ta Shikal? Wajen 1925 ita ce a gaban 'yan Babule da suka bijire wa Nasara da sarkin da ya ɗaure wa gindi, Gado Namalaya, har aka kwashe su zuwa kurkuku a Yamai. Ba cewa na yi ka koma bori ba, kar ka kai ƙarata wurin liman. Cewa na yi ƙasar da ta haifi wannan mata ba a nan ake odar Saudatu ba.

Kuma me za ka yi da wata Saudatu, bayan ga ka? Tun muna yara ban taɓa jin ka ce wa baƙon ido a'a ba. Kai rijiyar Dallol ne, ruwa kusa, ko mai gajeriyar igiya ya zo sai ya ɗiba. Amalankenka na gonar wani lokacin da takinka ke jibge a ƙofar gida. Ka je kasuwar Baleyara ranar Lahadi sayen tunkiya, ka dawo da baƙi huɗu ba tunkiya. Cukun Tukunus da na ba da kuɗi a kawo mini, ka raba wa fasinjoji a mota don wani ya ce ƙamshinsa ya yi masa daɗi. Gero kuwa, duk wanda ya kira ka Alhaji sai ka buɗe masa rumbu, alhali ko Agadas ba ka taɓa zuwa ba.

A gari ana cewa mutumin kirki. A gida wa ke biya? Matarka ce ke ƙara wa miya ruwa. Akuyarta aka sayar da rumbu ya yi ƙasa kafin damina ta faɗi. Ita ce ke sallamar masu bin bashin da ka tsaya wa wasu, kana kwance a ɗaki ana cewa ba ka nan. Duk a'ar da ka hana mutanen gari, ita kake tara wa: ta ce za ta biki Itchigin, a'a, ta ce a sake zanan bayan gida, sai kaka. A waje Saudatu, a gida Alhaji Abdu. Littafi guda, ka cinye mutum biyu.

Kar ka kumbura. Tun 2014 UNESCO ta sa wasan taubasantakar Nijar cikin kayan gadon duniya, don haka zagin da nake yi maka hukuma ta san da shi. In ka yi fushi, Gwaggo za ta ci ka tara.

Watan cika-ciki na tafe, na san har ka fara lissafin kuɗin shara. Zan bayar, ba a san gidanmu da hana bawa haƙƙinsa ba. Amma a hannun matarka zan danƙa jikka biyun, don in na ba ka, kafin ka kai ƙofar gida wani ya gaishe ka da kyau ya karɓe.