Wanzancin da Na Yi wa Jirgin Kawu

Kawuna ya gaji da toshe kwale-kwalen katako da tsumma, sai ya sayar da shanu ya sayi jirgin faiba na hannu, don jigilar 'yan kasuwa a kogin Kwara, nan Yawuri. Jirgi lafiya lau, sai 'yan tsage-tsage sirara a gefensa kamar saƙar gizo. Ruwa ba ya shiga, amma Kawu ya kasa barci.

Ni kuwa na zo hutu, ga data a waya. Tsakanin azahar da la'asar na zama gwani. Na zaunar da shi na yi masa karatu: fatar waje ce kawai ta tsage, wadda ake kira jelkot, kaurinta kusan rabin milimita ne, zaren gilashin da ke ƙarƙashi yana nan daram. Zafin rana ne da yawan karo da gaɓa. Kawu ya ce, "To ɗan boko, Allah ya yi albarka," aka yi saƙon kayan aiki daga Legas.

Abin da ban gaya masa ba shi ne, tsagar ta yi siriri ƙwarai, magani ba zai shiga ba sai an faɗaɗa ta. Ina durƙushe da ƙusa mai tsini ina karce jirgin layi-layi, sai ga shi ya dawo daga masallaci. Ya dubi ƙusar, ya dube ni.

"Gyara na ce ka yi, ko wanzanci?"

Na ce, "Kawu, haka Turawa suke yi."

"Su ma da kuɗin shanun kawunsu?"

Sai haɗi. Takarda ta ce ruwan daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 za a sa, wato ɗigo-ɗigo. Na ce wannan rowa ce, na tuttula. Ga tsakar ranar watan Afrilu, shi kuma haɗin nan zafi zuga shi yake yi. Kofin robar ya ɗumama a hannuna, ya yi zafi, ya fara hayaƙi yana lanƙwashewa. Na yar da shi, yara 'yan kallo suka watse. Sandan motsawar ya tsaya cak a tsakiya, har yau ba wanda ya iya zare shi.

A haɗin da ya biyo baya na ƙirga ɗigon da ladabi, na cike ramukan, na shafe. Ashe irin wannan jelkot ɗin samansa ba ya bushewa muddin iska na taɓa shi, sai an lulluɓe da leda. Da gari ya waye jirgi ya kama ƙudaje, ya kama gashin kaza, sannan ya kama wani Alhaji abokin Kawu, wanda ya zo ganin arziki ya zauna a gefe da sabuwar shadda. Da ya yunƙura zai tashi, jirgi ya ce bai san zance ba. Kawu ya sanar a nan take cewa kuɗin shaddar daga gudummawar aurena za a cire.

Daga ƙarshe dai na goge da asiton, na sake cikewa, na rufe da leda, na bi da jiƙaƙƙiyar samfefa, lamba 320, 600, har 1200. Ya yi sumul. Sai dai farin nawa sabo ne fat, na jirgin kuwa ya sha rana ya yi ɗorawa-ɗorawa. Tsagar da a da sai ka sunkuya za ka gani, yanzu daga tsallaken kogi ake hango ta.

Wani tsoho mai gyaran jirage ya zo wucewa, ya danna gefen da babban yatsa, wurin ya lotsa. Ya ce, "Yaro, jikin ne ke motsi. In ba a ƙara masa ƙarfi ta ciki ba, tsage-tsagen za su dawo." Kafin damina suka dawo, kowace a gefen facinta.

In ka je Yawuri ka ga jirgi mai fararen zane a haƙarƙari, shiga abinka, ba ya yoyo. Amma don Allah kada ka tambayi mai shi wanda ya yi masa ado.