Barewa na ƙasa, kai me ya kai ka sama?

Ka ce me? Wai bindiga ce ta fi kai mafarautan barewa asibiti a Amurka? Zauna ka sha ruwa, malam. A jihohi da dama na can, bishiya ta fi harsashi yi musu ɓarna. Kujerar ƙarfe suke ɗaurewa a jikin bishiya, ƙafa 15 zuwa 20 daga ƙasa, su haye tun kafin asuba su yi dako, don kada nama ya hango su ko ya jiyo warinsu. Dabarar ba laifi. Wajen saukowa ake samun saɓani: wasu da tsani, wasu da ka.

Ka ce ai kai tun kana firamare kake hawan mangwaron maƙwabta, ko ƙwarzane ba ka taɓa yi ba? Sannu, jikan biri! Lokacin ina tumbin nan? Kuma ka taɓa gwadawa cikin sanyin Nuwamba na jihar Wisconsin, a duhu, da riguna uku da safar hannu, raɓa ta daskare a kan matakala? Ka hau lafiya ma, ga gyangyaɗi yana jiranka, tunda ƙarfe huɗu ka tashi.

"To idan na zauna sai in ɗaure kaina." Yauwa, nan nake jiranka. Yawancin masu faɗowa ba daga zaune suke faɗowa ba. Wajen hawa ne, ko sauka, ko daidai ɗaga ƙafa daga tsani zuwa kujera. Shi ya sa ake zuro igiya daga sama har gindin bishiya, ka maƙale tun ƙafarka tana ƙasa. Ƙullin da ke riƙe ka sunan Karl Prusik ya ci, wani mai hawan duwatsu ɗan Ostiriya da ya fito da shi a 1931. Ka tura shi da hannu, ya bi ka salin-alin. Nauyinka ya fizge shi, ya cije igiyar gam.

Bel ɗin ƙugu ya isa, ka ce? Haba! Wannan ko ya juya ka kai ƙasa, ko ya zame ya shaƙe maka ƙirji. Ɗamarar da ta bi kafaɗu da cinyoyi ake nufi, kuma tun 2004 kamfanonin da ke cikin ƙungiyar masu ƙera kujerun, TMA, suke saka ta cikin kwali. Gwanaye irinka ne ke barin ta a but ɗin mota.

Kada ka yi murna tukuna. Ɗamara ta cafe ka, kana lilo, jini zai fara taruwa a ƙafafu, ka daɗe a haka sai suma. Akwai ɗan madaurin da ake zura ƙafa a miƙe a kai. Ya kasance a aljihu, shi da waya, ba cikin jakar da ta riga ka isa ƙasa ba. Mutan gida kuma su san bishiyar da ka nufa.

Bindiga fa, a rataye za ka hau da ita? Allah ya shirye ka. Cire harsashi, ɗaure ta da igiya, bakinta ƙasa, ka jawo bayan ka zauna.

Ka ce kujerarka tun bara take can, lafiyarta ƙalau? Rana ta dafa madauranta, ruwa ya jiƙa su. Sauran kuma je ka tambayi kurege, shi ya kwana yana gaigayarsu.