Jinjina Ga Gwanin Sauke Inji

Duk wanda injinsa ya taɓa ƙin tashi tsakanin Gumel da Maigatari ya san ba mu da abin da za mu saka wa bakanikenmu da shi sai addu'a. Ina nufin gwanin nan da ake kai wa injin markaɗe da na casar gero da janareto, ƙananan injinan nan masu igiya, 'yan Caina da aka kwaikwayo daga Honda GX160. Kai ka ja igiya har kafaɗarka ta yi tsami. Shi kuwa daga inda yake zaune, bakinsa cike da goro, sai ya ce, "Alhaji, ai sai an sauke shi." Bai taɓa ba, bai duba ba. In wannan ba baiwa ba ce, mece ce?

Ƙananan makanikai, waɗanda ilimi bai gama ratsa su ba, su ne ke ɓata lokaci da tambayoyin yara. Akwai mai a tanki? An buɗe masa hanya? An ja cok? Sai su kwance fulogi, su jingina shi da jikin inji, su ja igiya su ga ko yana ba da wuta. In yana bayarwa, su koma kan kafireto, su hure 'yar kafar da fetur ke bi, wadda man da aka bari a ciki tun kakar bara ya toshe da danƙo. Kafin ka gama gaisawa da mutane inji ya tashi, su karɓi abin da bai fi kuɗin shayi ba. Ina mutuncin sana'a a nan? Gwani sai ya baje fistin da ringi a kan buhu, cikin yashi, ya tura yaro Gumel neman sabbi, in babu a jira motar Kano.

Amma inda na fi sara masa shi ne wajen wayar nan. Masu ƙera injin, saboda tsoro irin nasu, sun sa masa wata na'ura mai ɗauke wutar fulogi da zarar baƙin mai ya yi ƙasa, wai don kada inji ya ci kansa. Ƙin tashin nasa roƙo ne kawai, a ba shi mai, wanda duka-duka cikinsa bai kai lita ɗaya ba. To, gwani ba ya ɗaukar raini daga ƙarfe. Sai ya zare wayar na'urar, inji ya tashi nan take, 'yan kallo su ce wane, ai ba dama. Ba a daɗe ba inji ya buga. Kuma wa za a kai wa? Gwamnatoci na ta taro kan samar da aikin yi, ga bawan Allah ya samar wa kansa na dindindin da filaya ɗaya.

Soson tace iska ma haka, cirewa yake ya yar, don inji ya sha iska sosai. A Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa iskar hunturu ba ta zuwa hannu rabbana, da ƙura take tafe, ga ƙaiƙayin gero a wurin casa, duk su shige ciki su goge ringi tas. Littafin Honda ya ce a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan kowace awa 100, a kuma yawaita wanke soson a wuri mai ƙura. Amma ai wanda ya rubuta littafin bai taɓa cin kasuwar Maigatari ba, me ya sani?

Ga kuma kara. Tun Nuwamban 2019, lokacin da hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka, mutanen wannan yanki suka saba da man 'yan bumburutu, wani har da guzurin ruwa da tsakuwa a gindin jarka. Ba za ka taɓa jin gwani ya zargi man ba. Mai galan maƙwabcinsa ne, rumfarsu ɗaya, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne.

Saboda haka, ɗan'uwa, ranar Alhamis in ka sayar da riɗinka ko zoɓonka a Maigatari, kada ka kashe kuɗin duka. Ware na gwani tun da wuri, don wayar taka ma a zare take.