Zuwa Ga Taubashina, Sarkin Yaƙin Kiyashi

Labari ya iso mu har Maradi, wai tun faɗuwar damina ka ɗaura yaƙi da kiyashi a teburin shayinka na Madarunfa. Kullum da asuba kana tsugune kana fesa fiya-fiya, ka share gawarwaki da tsintsiya kana kirari, kafin azahar kuma sun yi layi sun koma gwangwanin madara. Sannu, jarumi.

Waɗanda kake kashewa 'yan aike ne, ma'aikata, dukansu mata, kuma ba sa haihuwa. Masu haihuwar suna can cikin tsagar bango, ko hasken rana ba su sani ba. Ka san tururuwar gona, mai jidar hatsi: bayan ruwa ya sauka sabbin sarauniyoyi da maza kan yi fiffike su tashi, a yi barbara, kowace ta sauka ta karye fukafukanta ta haƙa gidanta ita kaɗai. Naka kuwa, ɗan jan kiyashin da ake kira na Fir'auna, wanda ya bi kayan fatake ya game duniya, bai san wannan wahala ba. A cikin gida ake auren, sarauniyoyi kuma birjik. Da an fesa musu magani mai wari sai gida ya rabu, wasu ma'aikata su kwashi ƙwai da 'ya'ya su koma wani lungu, su rena sabuwar sarauniya. Ashe da kuɗinka kake yi musu rabon gado.

Kuma gidajen ba sa faɗa da juna. Tururuwar Ajantina da ta shiga Turai haka take: a 2002 masana suka nuna zuriya guda ta miƙe kilomita 6,000 a gaɓar teku daga Italiya zuwa Sifaniya. A kudancin Faransa ma an ga ma'aikatansu suna kashe kusan 9 cikin 10 na sarauniyoyin kowace shekara, amma gida bai girgiza ba. Kai da kwalba ɗaya za ka gama da su?

Namijin ne ya tuna mini da kai. Ba ya ɗauko abinci, ba ya reno, ba ya tsaron ƙofa, a baki ake ba shi. Aikinsa ɗaya ne a duniya, yana gamawa sai mutuwa. Daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa, wato ba shi da uba. Wannan kam ban jingina maka ba, albarkacin kawu. Sauran dai a tambayi uwargida, wadda ke dafa ƙwai da wanke kofuna kana gindin bedi kana dara. An ce har kana cigiyar ta biyu. In tururuwa ta so lalacewa, fiffike take yi.

Ka ajiye feshin. Ka nemi maganin da ake haɗawa da sukari, mai kisa a hankali, su ɗauka da kansu su kai wa sarauniyoyin, ka kuma sa shi inda yara ba za su kai ba. Ladan shawara tarwaɗa biyu ce daga tabkinku, manya, kuma uwargida za ta zaɓo, don na san idonka.