Shayi a Sikotland, Shawara daga Kano

Duk wanda ya sayi motar kaya a Ingila don ya mayar da ita ɗakin kwana mai tafiya, gado da labule ba za su ba shi wahala ba. Rigimar tana ƙarƙashin kujera, inda batir na biyu yake, wanda zai riƙe firji da fitila bayan an kashe inji. Ina sayen tawa a Manchesta, ko ƙusa ban buga ba, masu shawara suka yi mini caa.

Yayana ne ya fara, daga Kano. "Kai yaro, sa sola ka huta. Ni rabona da sayen man janareta har na manta." Maganar babba ba a mayar da ita. Na ɗora faifan sola mai wat 200 a rufi, na sayi batir na dalma mai amfa 100, bolt 12. A takarda wutar wat 1,200 ke nan na awa guda, amma batir na dalma rabinsa kawai ake ci, in ka zarce ka rage masa kwana. A watan Yuni abin ya yi kyau, har na tura wa dangi hoton ruwan sanyi.

Sai Disamba ta zo, muka nufi Inbanes a arewacin Sikotland. A can a wannan watan, rana ba ta cika awa bakwai a waje, kuma ba ta hawa tsakiyar sama. Leƙowa take daga gefe kamar amarya mai kunya, ta ja mayafin gajimare ta koma. Faifan da ke kwance shame-shame a rufi ko cajin waya da ƙyar yake kawowa. Ga dare mai tsawo, ga fitila, ga hita mai dizal wadda fankarta wutar batir take sha. Wajen ƙarfe uku na dare hitar ta yi tari ta mutu.

"Maigida," in ji uwargida daga cikin bargo, "kira Yaya ya aiko mana da rana."

Ban tanka ba, don ina da abin da na dogara da shi. Wani maƙwabci ya sa na haɗa wata 'yar na'ura da ke sada batirin inji da na ɗaki idan mota na tafiya. Mun yi tafiyar yini guda, ya kamata a ce batir ya cika fal. Da na kai wa mai riwaya motar bayan mun dawo, dariya ya yi har da riƙe ciki. Motocin da aka ƙera bisa ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, da yawansu dainamonsu mai wayo ne: da batirin inji ya ƙoshi sai ya rage wuta don a tsimi mai. Na'urar maƙwabci kuwa sai ta ga wuta ta haura bolt 13 take haɗawa. Abin da ake bukata shi ne caja ta DC-DC, mai karɓar duk abin da dainamo ya bayar ta daidaita shi. Na biya. Ya ce tunda an buɗe wurin, a sa batirin litiyam, wanda ake cin kusan dukansa, ga rashin nauyi. Na sake biya, ina salati a zuci.

Abin da bai faɗa mini ba, litiyam ba ya karɓar caji idan sanyinsa ya kai digiri sifili. Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa da ke rufe ƙofa don kada ya lalace. Ni kuma don neman fili na mayar da shi bakin ƙofar baya, inda iska ke shiga. Da muka koma arewa, sai ga ni da asuba na tuɓe rigar sanyina na naɗe batir da ita, ina lallashi, haƙorana na kaɗawa.

Butar lantarki kuwa tata rigimar daban ce. Mai wat 2,000 ce, ta inbata sai ta ja fiye da amfa 160 daga batir, inbatar tamu kuma ta wat 1,000 ce. Ƙara ɗaya ta yi ta ɗauke.

Na haƙura muka shiga sansanin masu irin motarmu, inda ake biyan kuɗi a jona wuta daga turke. Na amfa 10 ne, wato wat 2,300 a wutar ƙasar. Na jona cajar batir, na kunna hitar lantarki, na ɗora buta. Ɗif! Na fita cikin yayyafi da jallabiya da tocila ina laluben makunni, wani dattijon Bature na kallona ta taga yana kurɓar shayinsa.

Ina dawowa na tarar an ɗan buɗe taga, ruwa na tafasa a kan ƙaramin risho na gas.

"Wannan fa daga ina?"

"Tun Manchesta yake ƙarƙashin gado. Na ga kana ta lissafi ne, ban so in katse ka ba. Sukari cokali nawa?"