Yadda Zazzaɓi Ya Kashe Mini Tan 70 na Ƙarfe

Ɗan yayata da ke karatu a Kano ya zo hutu Gagarawa da wani kwali, ya baje taswira a kan tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, daidai inda muke dara. Ya ce sunan wasan BattleTech, kamfanin FASA ne ya fito da shi a Amurka a 1984. Yaƙi ake yi da ƙartin mutum-mutumi na ƙarfe masu ƙafa biyu, da direba zaune a ciki. Taswirar gida-gida ce, kowane gida mai kusurwa shida a matsayin mita 30, ƙwayar lido biyu kuma su ne alƙali. Na ce da shi wanda ya yi suna a dara ba a koya masa gida-gida.

Na zaɓi Warhammer, tan 70, kowane hannu igwa. Ƙanensa ɗan firamare ya ɗauki Locust, tan 20, mai ƙafafu kamar na zalɓe. Babban ya nuna mini wani ma'auni a gefen takardata.

"Kawu, duk makamin da ka harba yana haɗa zafi. Injinka 18 kawai yake iya hucewa a zagaye ɗaya."

Na ce mutumin da ya yi noma a ƙasar Gumel ba zafin takarda ne zai ba shi tsoro ba.

Na ruga, na sake wa yaron duk abin da ke jikin ƙarfen nan: igwa, roka, bindiga, komai. Zafi 32, ga 2 na gudu. Aka cire 18, saura 16. Shi kuwa ɗan zalɓen ya keta gida goma sha biyu, ko ƙwarzane bai samu ba. Da ya sake giftawa na tsaya cak na maimaita. Babu wanda ya same shi. Ma'auni ya cika 30.

"Kawu, injinka ya mutu da kansa. Kuma tun daga 19 rokokin da ke ƙirjinka na iya fashewa. Jefa. Takwas kake nema."

A lokacin duk 'yan dara sun bar ramukansu sun zagaye mu, har da mai rake. Na girgiza ƙwayoyin, na hura musu iska, na zuba. Ta farko ta tsaya a kan biyu. Ta biyu ta gangara bakin tabarma, ta jingina da saƙar kaba, siki a sama. Siki fa! Biyu da shida takwas. Na ga siki, mai rake ya ga siki, har na ɗaga hannu zan gyara hula. Sai ta yi wani ɗan rangaji, ta waiwaye ni, ta kwanta a kan ɗaya.

Har yanzu in na rufe ido ina ganinta: siki, rangaji, ɗaya. Siki, rangaji, ɗaya. Ɗan yayata ya ɗauki biro yana soke gidajen takardata layi-layi, ƙirji, ciki, inji, yana cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce masa. Ƙanen, wanda bai harba ko harsashi ɗaya ba, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, na ci ke nan?"

Nan wani dattijo da ya fi kowa tsufa a majalisar, wanda tun farko bai ce uffan ba, ya matso ya tsuguna. Ya cire hularsa ya shiga yi wa ɗan mutum-mutumin roba fifita.

"Baba, ai ya riga ya fashe."

"Ban da gaggawa, ɗan nan. Zazzaɓi ne. Ku ja shi inuwa, a yayyafa masa ruwan randa."

Tsautsayi ya sa ɗan yayata ya ce lallai a dokar wasan in ƙarfen ya shiga ruwa yana saurin hucewa, ga ma kududdufi a taswirar, gida biyu daga inda na tsaya. Shi ke nan, Baba ya zama janar. Ya ce laifin na farko shi ne ban jera uku ba. Ya ce ba a fita yaƙi tsakanin azahar da la'asar. Ya ce da an ɗaura wa direban rawani jiƙaƙƙe, an ba shi jiƙon tsamiya. Ya tambaya ko an sanar da iyalin direban, da aka ce ba shi da kowa, ya ce shi ya sa, gwauro ba ya tattalin kaya.

Sannan ya miƙe, ya kaɗe riga, ya sake tambayar nauyin. Aka ce tan 70. Ya yi lissafi da yatsu, ya ce in daure in kai wa 'yan gwangwan a Maigatari ranar Alhamis, kuma kada in yarda da tayin farko.